Malam Edita, rairayi ma yana ciyar da mutane, na gani da idona a Namibiya

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira kai da duk ma'aikatanka.

Na daɗe ina karanta jaridar nan amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, kuma abinda ya taso dani shine rahoton da kuka buga kwanakin baya akan kwararowar hamada, yadda rairayi ke binne gonaki da rijiyoyi a arewacin Yobe da Jigawa. Gaskiya kuka faɗa, ko kalma ɗaya ban zo musawa ba. Sai dai na lura duk sanda hamada ta fito a jaridunmu to cikin biyu za'a samu ɗaya, ko ta cinye gonar wani bawan Allah, ko an tsinci gawarwakin 'yan ci-rani a hanyar Libiya. Shine nace bari in kawo muku labarin wata hamadar da na taka da ƙafata, wadda mutane ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu da ita, don tunda na dawo abin yake cina a rai kuma na rasa wanda zai kai maganar inda ta dace in ba ku ba.

Sana'ata ta ruwa ce, haƙar rijiyar burtsatse da gyaranta, ita ce ma ta kai ni wani taro a Windhoek babban birnin Namibiya cikin watan Yuni. Birni ne da tun 1968 suke tace ruwan da aka riga akayi amfani dashi su mayar famfo a sha, toh kaga dole mai sana'a irin tawa ya buɗe kunne. Muna cikin tasi wata rana sai idona ya faɗa kan allon titi an rubuta General Murtala Muhammed Avenue, wallahi sai da nace direba ya rage gudu in ƙara dubawa, ɗan Kano ne fa sunansa akan titi a can kudancin Afirka, albarkacin tsayawar da Najeriya tayi musu lokacin da suke neman ƙwatar kansu daga hannun gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, har Allah ya basu 'yanci ranar 21 ga Maris 1990. Da taro ya watse mu huɗu muka haɗa kuɗi muka ɗauki hayar Hilux ta kwana 9, ni da wani abokin aikina ɗan Damagaram, sai ɗan Kenya ɗaya da ɗan Ghana ɗaya. Ɗan Kenyan muka barwa sitiyari don suma ta hagu suke tuƙi kaman mutanen can.

Ranar ɗaukar mota sai da aka zaunar damu kusan awa guda ana mana bayani, kai kace bitar alhazai ce. Safaya biyu, jak, ƙaramin injin hura taya, firji a bayan mota, jarkokin ruwa. Mutumin yace in kun sauka daga kwalta kar ku wuce gudun 80, akwai na'ura a jikin motar tana rubuta komai, in kuka wuce kuka yi haɗari inshora ba ruwanta daku. Banda tuƙin dare saboda namun daji na tsallaka hanya, kuma duk gidan man da kuka gani ku tsaya ku cika tanki ko da rabi ya rage muku. A lokacin naga kaman ya cika tsanani, sai da muka nutsa cikin dajin na gane ba'a fafe gora ranar tafiya.

Ƙasar nan faɗinta ya haura murabba'in kilomita 820,000, kaɗan Najeriya ta ɗara ta, amma a ƙidayar 2023 mutum miliyan 3 ne da ɗan ɗoriya, basu kai mutanen Kano da kewayenta ba. Toh ka ƙiyasta. Daga Windhoek kwalta ce har Rehoboth, daga nan muka karya yamma muka hau burji, kuma mafi yawan hanyoyin ƙasar haka suke, tsakuwa ce aka daddaɓe, sai kayi awa guda kana gudu baka gamu da mota ko ɗaya ba, in kuwa wata na tafe tun daga nesa ƙurarta zata sanar dakai. Abinda ya tsaya min a rai shine burjin nan ba'a yasar dashi ba, can sai mu tarar da gireda tana kankare gargada, direban da ɗan ɗakinsa na ƙarfe mai taya a gefen hanya, nan yake kwana nan yake girki har ya gama yankinsa. Kowace mararraba da allonta, ga lambar hanya ga nisan gari na gaba. Shingen 'yan sanda mun gani a bakin Windhoek, lasisi suka duba suka ɗaga mana hannu, daga nan har muka dawo ba wanda ya tare mu yace a bashi na goro, ba kuma inda gabanmu ya faɗi don mun hango mutane akan babura. Duk wanda ke bin hanyoyinmu a 'yan shekarun nan ya san nauyin wannan maganar.

Akwai wata gangara da ake ce mata Spreetshoogte, kana kan tudu kawai sai ƙasa ta yanke a gabanka, ka hango hamadar Namib shimfiɗe can ƙasa iya ganinka, saukar kusan mita 1,000 ce cikin 'yan kilomitoci, shi yasa aka hana manyan motoci bi. Da giya ta ɗaya muka sauka kowa na salati da yarensa. Bamu yi nisa da sauka ba wani dutse mai kaifi ya farke mana tayar baya ta gefe, ba maganar faci. Da aka kashe inji muka fito, shirun wurin ne ya fara dukana, ba kukan tsuntsu ba ƙarar janareta ba sabis a waya, har bugun zuciyarka kana ji. Muna cikin kici-kicin ɗaga jak a tsakuwa sai ga wani manomi a tsohuwar a-kori-kura ya tsaya ba tare da mun tsayar dashi ba, ya ɗauko wani faffaɗan katako ya saka mana ƙarƙashin jak, ya tambaya ko muna da ruwa isasshe, ya wuce. Mota biyu suka ƙara wucewa bayansa kuma kowacce sai da ta rage gudu aka tambaye mu da hannu ko lafiya. A Solitaire muka sayi wata tayar. Sunan gari ne amma gidan mai ne da mai faci da gidan burodi da wurin kwana, sai tsofaffin motoci da suka yi tsatsa an jera su a rairayi. A jikin bango akwai baƙin allo irin na makaranta da suke rubuta ruwan saman da aka samu kowace shekara da alli, na daɗe tsaye gaban allon nan, don wasu shekarun abinda suka samu gaba ɗaya mu a Kano sai ya sauka a dare ɗaya cikin Agusta.

Masaukinmu na farko kusa da Sesriem yake. Ɗakuna ne rabi gini rabi tanti, an jera su nesa da juna suna kallon duwatsu, wuta ta sola, ruwa daga burtsatse, a banɗaki an manna takarda ana roƙon baƙo ya taƙaita wanka. Yuni can tsakiyar hunturu ne, da rana zafi kaɗan, rana na faɗuwa sanyi zai sauko kaman an buɗe firiza, har robar ruwan zafi ake saka maka cikin bargo. Alƙibla ma sai da muka duba waya, mu da muka saba cewa gabas, can arewa zaka fuskanta ka ɗan karkata dama. Abinci yawanci naman daji ne, mariri da barewa, da muka tambaya aka gaya mana gaskiya ba yankan Musulmi bane, mai girkin bata ɓata rai ba ta soya mana ƙwai da dankali, washegari ta nemo kifi. Mutumina na Damagaram dama baya tafiya ba butar shayinsa, bayan isha'i ya ɗora a ƙaramin risho muka zauna waje. Malam Edita rabona da ganin taurari haka tun ina yaro ana kai mu ƙauye hutu, sun cika sama fal har ƙasa, kaman ka miƙa hannu ka ɗebo.

Ƙofar gandun dajin da manyan tuddan rairayin suke ciki tana buɗewa ne da fitowar rana, waɗanda suka kwana a ciki su ake bari su riga kowa da awa ɗaya. Tun da duhu muka shiga layi, motoci sun fi ƙarfin in ƙirga, Jamusawa, Faransawa, 'yan Italiya, 'yan China, kowa ya biya kuɗin shiga an bashi rasit. Daga ƙofa kwalta ce ta kusan kilomita 60 tsakanin tuddan rairayi hagu da dama, ja wur, gefen da rana ta haska kaman garwashi ɗaya gefen kuma baƙi ƙirin. A kilomita na 45 akwai wanda ake kira Dune 45 inda mafi yawa ke tsayawa, mu muka zarce. Kilomita 5 na ƙarshe zallar yashi ne, sai an sassauta iskar taya an saka motar tana ja da ƙafa huɗu, wanda motarsa bata iyawa ya ajiye ya hau ta haya.

Wanda muka hau shine Big Daddy, tsayinsa wajen mita 325, ka ɗora Dala akan Gwauron Dutse basu kamo shi ba. Hawan rairayi daban yake da hawan dutse, taku biyu gaba sai yashi ya janye maka ɗaya, dabarar itace ka bi ta kan doronsa inda iska ta tsaga shi gida biyu, kuma ka dinga saka ƙafarka cikin sawun na gabanka don nan ya riga ya danne. Takalmi na cire na bar safa. Mun fi awa guda muna hawa, ƙirji na zafi, ana zama ana kurɓar ruwa, kuma a zaman ne na lura rairayin da nake ɗauka ba komai cikinsa cike yake da sawu, na ƙwari da ƙadangaru da dila, duk na daren jiya, kaman an yi rubutu a allo. Wani mai rakiya da ke gaban mu da baƙinsa ya nuna mana wani baƙin ƙwaro, yace da asuba yake hawa tudu ya kafa kai ƙasa ya ɗaga bayansa, hazon da ke tasowa daga teku ya taru a jikinsa ya gangaro masa baki, ruwan shansa kenan. Da muka kai ƙololuwa ba wanda yayi magana, tudu bayan tudu har inda ido ya gaji, ni dai tasbihi kawai na samu bakina nayi. Saukowa kuwa ko minti goma bata kai ba, ta gefen da ya miƙe zaka zuro kana nutsewa har gwiwa, yashin na wani irin gurnani ƙarƙashinka.

Inda zaka sauka shine Deadvlei, wani farin faƙo ne fetal da ya tsattsage, a tsakiyarsa itatuwa dangin bagaruwa tsaye baƙi ƙirin. Da can kogin Tsauchab na kawo ruwa wurin, sai rairayi ya toshe masa hanya, itatuwan suka mutu a tsaye shekara sama da 600 da suka wuce, kuma saboda tsabar bushewa ko ruɓewa basu yi ba. Kaga wannan ai shine ainihin abinda rahotonku ke kuka dashi, rairayi ya kashe wuri. Amma ga mutane sun taso daga Turai da Asiya sun biya kuɗin jirgi da na mota da na ɗaki don su tsaya gabansa. An hana taɓa itatuwan, a gabana wani baƙo ya ɗora ƙafa kan reshe zai ɗauki hoto mai rakiyarsa ya daka masa tsawa ya sauke. Na duba ko'ina, ko ledar ruwa ɗaya ban gani ba. Jan launin ma ashe tsatsar ƙarfe ce a jikin ƙwayar yashin, shi kansa yashin kogin Orange ne ya kwaso shi ya zuba a teku, igiyar ruwa ta turo shi arewa, iska ta maido shi tudu. Sunan Sesriem kuwa ma'anarsa igiya shida, wai matafiyan da sai sun ƙulla tsirkiyar fata shida kafin gugansu ya taɓa ruwa a kwazazzabon wurin, kaman dai yadda muke cewa rijiya gaba kaza ce. Mun shiga kwazazzabon da la'asar, zurfinsa wajen mita 30, akwai sanyi a ciki da ɗan ruwa kwance a lungu.

Toh amma duk wannan daɗin akwai tambayar da ta hana ni sakat, kuɗin nan aljihun wa yake shiga? Don a masaukan da muka fara kwana, mai share ɗaki baƙi, mai girki baƙi, mai ɗaukar jaka baƙi, masu zama a teburi kuwa in ka cire mu huɗu da wuya kaga baƙar fata, mai wurin ma sau da yawa Bature ne. Kuma tun daga Rehoboth waya ce ta shinge hagu da dama, ɗaruruwan kilomitoci, duk gonakin kiwo ne na mutum ɗaiɗai. Hukumar ƙididdigar ƙasar da kanta ta fitar a 2018 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na gonakin kasuwanci suna hannun fararen fata, alhali su tsiraru ne. Abin yana da tushe. Bayan mun ratsa kwazazzaban Gaub da Kuiseb mun fito Walvis Bay muka kwana Swakopmund, gari ne bakin teku mai hazo da sanyi da gine-ginen Jamusawa, kowa na ɗaukar hoto, amma a gefen maƙabartar garin akwai wani fili da tarin ƙananan tuddai ba suna ba alama, kaburburan 'yan ƙabilar Herero da Nama ne da suka mutu a sansanin da Jamusawa suka tsare su. Tsakanin 1904 da 1908 aka yi musu kisan ƙare dangi, kwamandan Jamus Lothar von Trotha ya kora Herero cikin hamadar Omaheke ya tsare rijiyoyi, ƙishirwa ta gama da dubban mutane, aka kwashe ƙasarsu da shanunsu. Sai a 2021 Jamus ta amsa laifin da sunansa, tace zata bada yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30, kuma da yawa daga shugabannin ƙabilun basu amince da yarjejeniyar ba don ba'a zauna dasu yadda ya kamata ba. Na faɗi wannan ne don kar wani ya ɗauka aljanna naje na gano.

Sai da muka nausa arewa na fara ganin ɗaya fuskar. A Brandberg, dutse mafi tsayi a ƙasar, mita 2,573, ba'a barin kowa ya shiga sai da ɗan rakiya daga mutanen yankin, ko kai waye. Namu matashi ne ɗan ƙabilar Damara daga wajen Uis, garin da ya dogara da haƙar kuza har aka rufe mahaƙar wajen 1990 mutane suka shiga wani hali. Tafiyar kusan awa ɗaya ce cikin busasshen rafi tsakanin manyan duwatsu, yana tafe yana nuna mana kashin giwa da itacen da ake magani dashi, har muka isa wani zane a jikin kogo da ake ƙiyasta ya kai shekara 2,000. Wani Bajamushe Reinhard Maack ne ya fara kai labarinsa waje a 1918, daga baya wani limamin kirista Bafaranshe Henri Breuil yace ai farar mace ce daga wajen tekun Bahar Rum, sunan ya bi shi har yau. Yaron nan ya nuna mana da tsinke ba tare da ya taɓa ba, yace ku duba da kyau, namiji ne riƙe da baka, kuma mutanen ƙasar nan ne suka zana abinsu. Yadda yake maganar kaga mai gida a gidansa.

Daga nan sai Grootberg, kuma don shi na rubuto wasiƙar nan. A 1996 gwamnatin Namibiya tayi doka ta baiwa mutanen karkara damar su haɗa kansu su yi rajistar yankinsu, su zaɓi kwamiti, namun dajin da ke ciki da kuɗin baƙin da ke zuwa kallo ya zama suna da haƙƙi akai. Huɗu aka fara yiwa rajista a 1998, yau sun haura 80, sun mamaye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙasar. Ɗaya daga huɗun farko itace Khoadi-Hoas, kuma ita ta mallaki masaukin Grootberg da aka buɗe a 2005 da tallafin Tarayyar Turai, kamfani ke gudanarwa bisa yarjejeniya amma wurin na jama'a ne. Ɗakunan dutse ne da jinka a bakin wani gagarumin rami, kana zaune a baranda kwarin kogin Klip na ƙarƙashin ƙafarka. Yarinyar da ta kawo mana abinci daga ƙauyen da muka wuto take, na tambayeta, tace daga kuɗin nan ake biyan masu gadin daji, ake gyara famfon da giwa ta fasa, ake taimakon 'yan makaranta. Bata ɓoye min ba, tace har yanzu zaki na cin awakin mutane kuma abinda ake basu baya kai asarar, ana rigima a taron shekara kan rabon kuɗi, shekarar korona kuwa da baƙi suka ɗauke ƙafa sun ji jiki. Amma tace mahaifinta da can in yaga giwa asara yake gani, yanzu yasan albashin 'yarsa na da alaƙa da ita.

A barandar nan ne mutumina na Damagaram, wanda tun Sesriem na lura ya rage magana, ya ajiye kofin shayi yace min Malam, wallahi duk abin nan da kake gani muna da wanda ya fishi, kuma na ci abinci dashi. Ashe yayansa direban masu yawon buɗe ido ne a Agadez shekara da shekaru. Yace in sanyi ya shigo jirgi ke tasowa daga Paris kai tsaye ya sauka Agadez, a filin jirgin da ke ɗauke da sunan Mano Dayak, wanda shi kansa da kamfanin kai baƙi sahara ya fara suna kafin ya rasu a haɗarin jirgi a 1995. Yayan nasa zai ɗebi baƙi a Land Cruiser sati ɗaya ko biyu, su bi duwatsun Abzin, Timia da lambunanta na lemo da rumman, Iferouane, raƙuman dawan da aka sassaƙa jikin dutse a Dabous, su fita hamadar Tenere su kwana a rairayi, har inda itaciyar nan tilo take da wani direba ya banke a 1973 aka kwashe gangar jikinta zuwa gidan tarihi na Yamai. Mai girki na samu, mai raƙumi na samu, maƙeran azurfa da dukawa na samu, da kuɗin aka yi masa makaranta har ya zama injiniya. Sai tawayen Abzinawa na 2007 ya zo da nakiyoyi a hanya, 2008 aka soke tseren motocin Dakar, 2010 aka sace ma'aikata a Arlit, baƙi suka ɗauke ƙafa ɗif. Mutumin da ba abinda ya iya sai sanin sahara me zai yi? Sai ya koma ɗaukar fasinjan Libiya. Da Nijar tayi dokar hana safarar 'yan ci-rani a 2015 aka fara kama direbobi ana ƙwace motoci ya tafi haƙar zinare Djado, ya dawo ba lafiya ba jari. An soke dokar a ƙarshen 2023 amma shi ƙarfinsa ya riga ya tafi.

Jikina yayi sanyi Malam Edita. Don sai naga labarin gawarwakin hanyar Libiya da kuke bugawa da labarin baƙin da suka daina zuwa ashe bakinsu ɗaya, direbobin ne dai, motocin ne dai, hanyar ce dai. Kuma ka duba, a shekara ɗaya, 2013, UNESCO ta saka rairayin Namib da tsohon garin Agadez mai hasumiyar ƙasa ta mita 27 cikin kayan tarihin duniya. Ɗaya layin motoci ake tun asuba, ɗayan kuwa ko a 2025 sai da aka sace wasu mata Turawa biyu a cikin garin. Mu Kanawa bamu da bakin cewa abin bai shafe mu ba, muna da unguwa sukutum mai suna Agadasawa, kantun gishirin Bilma a ayarin raƙuma yake zuwa mana, turkuɗin Kura kuma can yake tafiya. Daga Kano zuwa Agadez ta Damagaram da Tanout bai kai kilomita 800 ba, amma ni sai da na je ƙarshen nahiya kafin in taka tudun rairayi, kuma nasan irina suna da yawa.

Na san abinda za'a ce, tsaro. Haka ne, ba mai kai iyalinsa inda za'a sace su, kuma ba ina cewa gobe a kwashi mutane a nufi Tenere bane. Wasu kuma zasu ce yawon buɗe ido na kawo lalacewar tarbiyya, wannan ma ba maganar banza bace, amma ai masu wuri ke kafa sharaɗi in wurin nasu ne, kuma waye yace dole baƙon Bature ne? Mutanenmu nawa ke zuwa Dubai su biya kuɗi a zagaya dasu cikin rairayi a mota? Ga Yusufari nan a Yobe, tuddan Tulo-Tulowa da kwarurrukan dabino da goruba na Bulatura, ina ganin matasa na zuwa suna ɗora hotuna a Facebook, wato abin ya fara da kansa ba tare da an tsara ba. Tsorona shine kafin a farga leda ta rufe wurin, wani mai kuɗi daga birni ya zo ya kewaye fili ya gina otal, mutanen da rairayin ya cinye musu gona su koma masu wanke masa kwano. A Namibiya kwazazzabon Fish River, wanda bamu samu zuwa ba, tafiyar ƙafa ce ta wajen kilomita 85 cikin kwana 4 zuwa 5, amma daga 1 ga Mayu zuwa 15 ga Satumba kawai ake bari saboda zafi da ambaliya, sai kun kai mutum 3, kuma sai da takardar likita. Irin wannan ƙa'idar tun wuri bai cika ba ake kafa ta.

Roƙona gareka ranka ya daɗe, wakilin da ya rubuto muku rahoton hamadar nan ku sake tura shi Yusufari, wannan karon ya kwana biyu. Ya tambayo mana waye ke raka baƙin da ke zuwa, nawa ake bashi, ina suke kwana, wa ke sayar musu da abinci, lawani da masu unguwa sun san da zuwansu ko sai dai su ga ƙurar mota, kuma in an ce mutanen ƙauyukan su haɗa kai su gina ɗakuna ko biyar ne na kansu wace doka ce zata tsaya musu. Sannan ku nemi wani a Agadez ya zauna da tsofaffin direbobin nan tun suna raye ya rubuto abinda suka sani. Abokina yace yayansa a shirye yake yayi magana in an zo, har yanzu yana ajiye da tsohuwar taswirarsa da ta sha selotef, kuma yana iya lissafo maka rijiyoyin da ke tsakanin Agadez da Bilma ɗaya bayan ɗaya. Hotunan da na ɗauko kuma suna nan, in kuna so in turo ku buga kyauta.

A gaida ma'aikata. Wassalam.

Naku, mai karatu daga Kano